Ɗingishin Aro

Talata, da hantsi

Yau ma Kofur bai ci ba. Na dafa masa shinkafa da romon ƙashi, na bari ta huce, na tura masa kwanon da tsinin takalmina. Ya dube ni, ya dubi kwanon, ya juya ya je ya kafa wa bangon banɗaki ido kamar an rubuta masa saƙo a jiki. Kaji suka cinye.

Kofur karen ƙanena ne, Auta. Ni ba mai kare ba ne, tela ne, ko in ce tsohon tela, tunda yanzu 'yar gyara kawai nake yi idan idona ya yarda. Gida ɗaya muke da Auta tun rasuwar matata. Ni ina ɗakin bakin ƙofa da keken ɗinkina, shi da matarsa, Uwar Tagwaye, suna ciki, karen yana ƙarƙashin rumfar kwano kusa da famfo. Shekara da shekaru gaisuwar maƙwabta muke yi ni da shi, ya ɗaga kunne, in ɗaga gira, kowa ya kama gabansa.

Ranar da aka tafi da Auta asibiti, an riga an sa shi a mota sai ya kamo hannun rigata. Na sunkuya, ina tsammanin zai yi maganar tagwayensa da ke aiki can nesa. Ya ce, "Yaya, ka riƙe min Kofur har in dawo. Kar ka bari a yi masa allurar nan." Na ce to. Bakin tela ya saba da cewa to.

Ina rubuta wannan a bayan tsohon littafin awona, inda shafuka suka rage. Uwar Tagwaye a asibiti take wuni, keken ɗinki kuwa ba ya sauraron kowa, nasa surutun kawai ya sani.

Talata, bayan magariba

Da rana ta soma faɗuwa sai ya tashi, kullum haka. Ya fara zagaya tsakar gida, hannun hagu kaɗai yake bi, faratansa suna ƙyas-ƙyas a siminti. Ya zagaya famfo, ya zagaya tsohuwar taya, ya shige bayan durom ɗin ruwa, can ya maƙale. Ba matsewa wurin ya yi ba. Ja da baya ne ya manta yadda ake yi. Ya tsaya hancinsa a kusurwa yana wani siririn kuka mai tsawo. Na jawo shi ta ƙugu, jikinsa na ɓari, ya juyo ya yi min gurnani, ya koma ya sake shigewa.

Maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara ta leƙo ta kan katanga. Ta ce, "Baba Tela, kukan nan fa ba na alheri ba ne, ga mara lafiya a asibiti." Na ce mata ƙanƙararta tana narkewa.

Na wanke hannu har gwiwa, na canza riga, na yi sallah a makare.

Laraba, da azahar

Likitar dabbobi ta zo a kan babur, mace mai tabarau, sa'ar 'yata. Ta durƙusa ta daɗe tana duba shi, shi kuwa yana kallon bangonsa.

"Baba, shekarunsa nawa?"

"Ya girmi babur ɗinki, ina jin har takardar shaidarki ya girma."

Ta ce idonsa ya yi yana, kunnensa ya yi nauyi, amma babbar matsalar a kai take. "Kun san yadda wasu tsofaffi ke ruɗewa, su manta hanyar ɗakinsu, su manta 'ya'yansu? Karnuka ma suna yi. Tsoro ne ke sa shi kuka. Bai san inda yake ba, bai san kowa ba, wanda ya sani kuma ba ya nan."

"Kina kallona kina cewa wasu tsofaffi."

"Ban ce ku ba, Baba."

"Yana warkewa?"

"A'a."

Ta ba ni ƙwayoyi masu kwantar da hankali, wai in ɓoye masa a cikin abinci. Na ce a cikin wane abincin? Ta ce kar a gusar da komai a tsakar gida, ko bokiti, kuma in toshe bayan durom da buhu. Da muka kai bakin ƙofa ta rage murya. "Idan ya ci gaba da ƙin ci, akwai allurar da ake yi, ba zai ji komai ba."

"Mai shi ya hana."

"Yaushe mai shi zai dawo?"

Na ce ta yi hankali da ramin da ke bakin lungu, ya sha ka da masu babur.

Alhamis, da la'asar

Na je asibiti. Ko gaisuwa Auta bai bari mun gama ba.

"Ya ci?"

"Ya ci."

"Da hannu ka ba shi, ko da ƙafa?"

Na dubi takalmina, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Na san ka, Yaya. Ba ya son raini. Kofur ne fa, ba kurtu ba."

"Shekara nawa yana kofur, ba ƙarin girma?"

"Ubangidansa ma maigadi ya shiga aiki, maigadi ya fito."

Matsalar tela ita ce idonsa ba ya hutawa da awo. Na san wuyan Auta, na san faɗin kafaɗarsa tun yana ɗan makaranta. Sai na mai da idona kan ledar ƙarin ruwa, na bar shi a can.

Uwar Tagwaye ta rako ni baranda ta gaya min abin da babban likita ya ce. Na ji. Ba zan ɓata shafi da shi ba.

Juma'a, da safe

Ruwa kawai Kofur ya sha. Haƙarƙarinsa duk sun fito.

Asabar, bayan isha

Bari in rubuta wannan a hankali.

Gab da magariba aka soma yayyafi, Kofur ya ture buhun ya shige bayan durom, ya fara kukansa. Na fito ba laima, sai na ga kwat ɗin Auta a jikin ƙusa a baranda, na yafa. Ni na ɗinka masa shi lokacin da ya samu aikin gadin siton katako: yadi mai kauri, launin ƙasa, aljihu huɗu. Shafinsa na ciki na canza sau da yawa, wankewa kuwa sai an yi faɗa da mai shi. Warin hayaƙi, da garin katako, da man zafin da yake shafa wa ƙafarsa, duk suna ciki.

Na sunkuya zan jawo karen, sai kukan ya tsaya. Ya juyo da kansa, abin da ya manta yadda ake yi, ya cusa hancinsa a gefen kwat ɗin yana jan numfashi. Wutsiyarsa ta motsa. Na ɗauka ta mutu tun watan jiya.

Na yi tafiya ya biyo ni. Na kai shi gaban kwano, ya sansana, ya ɗago ya dube ni da fararen idanun nan, ya ja da baya yana gurnani. Hancinsa ya yarda, wani abu a jikinsa bai yarda ba.

Na tsaya a ruwan ina tuna yadda Auta ke yi. Ko bayan ya yi ritaya bai daina ba. Da magariba ya saka kwat, ya ɗauki tocila da sanda, ya buga ƙyaure da sandar, ya ce, "Kofur, aiki." Su zagaya gidan nan da bai fi tafin hannu ba, su haska bayan banɗaki, su haska ƙarƙashin rumfa, kamar akwai katakon da za a sace. Sai sun gama sannan ya ba shi abinci. Ni ina bakin taga ina yi musu dariya. Kuma Auta yana ɗingishi, tun da gungumen katako ya faɗo masa a ƙafar dama.

Karen ba ya gani sosai, ba ya ji sosai, amma siminti yana kai masa labarin taku.

Lahadi, da hantsi

Na kulle ɗaki na gwada. Tsoho da furfura yana koyon ɗingishi tsakanin gado da keken ɗinki. Sai ka sa nauyi a hagu, ka jawo dama, sandar ta biyo baya. Na yi har gwiwata ta fara yi min na gaskiya.

Lahadi, bayan magariba

Ya ci. Ya cinye, da ƙwayar a ciki, ya lashe kwanon har ya tura shi jikin bango. Mun zagaya gida, mun haska bayan banɗaki, babu ɓarawo. Ya kwanta da haɓarsa a kan takalmina, na kasa tashi har ƙafata ta yi sanyi.

Litinin, da la'asar

"Ya ci?"

"Ya ci."

Auta ya daɗe yana kallona. "Yau kam gaskiya ka faɗa."

Ya tambaye ni dabarar da na yi. Na ce romon na ƙara wa gishiri. Ban san abin da ya hana ni gaya masa ba. Da yana da lafiya da ya yi shekara yana ba mutane labarin, har da kwaikwayon yadda nake kwaikwayonsa.

Ya sha cokali biyu na shayi ya ce ya ƙoshi. Shi ba wanda ya tambaye ni ko ya ci.

Laraba, da safe

Ya ci jiya, ya ci shekaranjiya. Da rana bai san ni ba. Idan na wuce ba kwat, sai ya maƙure a ƙarƙashin rumfa yana rawar jiki, kamar ni ne ɓarawon da muke nema da magariba.

Juma'a, da azahar

An mai da Auta wani ɗaki a ƙarshen baranda, shi kaɗai. Ya ce an ƙara masa girma. Ɗakin yana da taga mai kallon wurin da ake shanya zannuwan gado. Nas ɗin ta daina cewa lokacin ziyara ya wuce.

Uwar Tagwaye ta ba ni wandonsa biyu in rage musu ƙugu. Na kawo su gida na ajiye a kan keke. Ba na buƙatar awo, na san abin da zan cire, shi ya sa ban taɓa su ba.

Lahadi, bayan isha

Ban yi tunani ba. Ko sau ɗaya ban yi ba.

Uwar Tagwaye takan dawo bayan isha ta ɗauki kaya ta koma, lokacin na riga na rataye kwat. Yau 'yar'uwarta ta karɓe ta, sai ta dawo da wuri. Ni ina tsakiyar gida, na ba ƙofa baya, tocila a hannu, ina jan ƙafa, kare yana biye da ni. Duhu ya fara shiga.

Ƙarar faɗuwar filas ɗin shayinta na fara ji. Sannan ta kira sunan Auta, sunansa na yanka, wanda tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba. A hankali ta kira shi, kamar mai tambaya.

Na juyo. Hasken tocila ya faɗa a fuskarta, na yi maza na kashe.

Ta zauna a ƙasa, nan bakin ƙofa, cikin ruwan shayi da fasassun kwalba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya, yanzu na baro shi. Na san inda na baro shi. Amma da na gan ka sai na ce ashe ƙarya likitoci suke yi."

Na fara cire kwat ɗin, hannu ɗaya ya fita, Kofur ya soma kukansa.

"Don ya ci abinci ne," na ce. "Ba ya ci sai haka."

Ta dubi karen, ta dube ni. Ta tashi ta kakkaɓe zaninta. "Ƙarasa. Amma bari in shiga ɗaki tukuna. Daga yau kuma idan za ka yi, ka ƙwanƙwasa min, in saki labule."

Na mai da hannuna cikin kwat. Kofur ya ci rabi.

Litinin, da hantsi

Na share kwalbar. Mun gaisa da ita da safe kamar baƙi a tasha.

Kakarmu, idan tana yi mana tatsuniya, tana da wani labari na mutumin da ya ari fatar ɗan'uwansa don ya je biki, da ya dawo fatar ta ƙi fita. Ni da Auta kullum barci yake ɗauke mu kafin ƙarshe. Da safe mu tambaye ta yadda aka yi, ta ce ba a tatsuniya da rana, mu jira dare. Daren ya zo ta ɗauko wata. Ta rasu da ƙarshen a bakinta.

Talata, da yamma

Kofur ya yi fitsari a inda yake kwance, bai ma sani ba. Na wanke shi da ruwan ɗumi, sai da na saka kwat sannan ya bari. Ana rana kamar wuta, ni ina cikin yadin sanyi ina wanke kare. Mai ƙanƙara ta leƙo, ta buɗe baki, ta rufe, ta sauka. Wannan ma ci gaba ne.

Alhamis, da azahar

Wani mai gyaran rediyo ya kawo min riga in sa mata maɓalli. Na tashi in ɗauko zare, sai ya ce, "Baba, me ya samu ƙafar?" Na ce wace ƙafa? Ashe ja nake yi, ba kwat, ba kare.

Juma'a, da la'asar

Yau Auta bai tambaya ba. Barci yake yi bakinsa a buɗe. Na zauna na gaya masa duk da haka.

Asabar, da hantsi

Likitar dabbobi ta dawo da ƙarin ƙwaya. Ƙafafun bayan Kofur sun fara sarewa, idan zai tashi sai ya yi ta ƙoƙari kamar mai fita daga rami. Na nuna mata kwat ɗin, na ba ta labari. Na ɗauka za ta yi dariya, ba ta yi ba.

Na ce, "Abin da nake tsoro, kar warin mai shi ya ƙare a jiki. Yana daɗewa?"

Ta shafa wuyan kwat ɗin inda ya jiƙe. "Baba, tun yaushe kuke zufa a cikinsa?"

Ban gane inda ta dosa ba, ko kuma na gane.

Ta ce, "Ku yi min haƙuri in faɗa. A wuni guda, ɗan lokacin nan na magariba ne kawai ba ya cikin tsoro. Sauran duk wahala yake sha. Don wa ake riƙe da shi?"

"Don mai shi."

"To, Allah Ya ba mai shi lafiya."

Na ce amin. Ita ma ta ce amin. Muka tsaya muna kallon babur ɗinta.

Litinin, da safe

Bai ci ba. Ya ci. Bai ci ba. Na gaji da rubuta wannan.

Laraba, bayan la'asar

An ce za a sallami Auta jibi. An cire ƙarin ruwan, an ba Uwar Tagwaye magani kala ɗaya tak, na rage zafi. Babban likita ya ce gida ya fi masa, a ba shi duk abin da ransa yake so. An kira tagwaye, suna hanya.

Mai ƙanƙara ta ji labari ta zo da murna tana cewa sauƙi ya samu. Uwar Tagwaye ta ce mata, "Haka ne." Mun jawo gadonsa kusa da ƙofa inda iska ke shiga.

Ni dai abin da na sani shi ne zai dawo, kuma karen yana da rai. Na wanke Kofur, na taje shi, na yanke masa farata da tsohon almakashina. Na gaya masa, "Jibi ubangidanka zai zo, a sallame ni." Yana kallon bango.

Juma'a, bayan isha

Ba na son rubutawa, amma idan ban rubuta ba zan kwana ina juyawa.

Da la'asar sakaliya motar ta iso. Tagwaye suka ɗauko ubansu a keken marasa lafiya, ɗaya ma ya isa ya ɗauke shi da hannu guda. Suna son wucewa da shi ɗaki, ya ɗaga yatsa. "Ku kai ni rumfa."

Suka tura shi har gaban Kofur. Na tsaya can baya, da rigata ta gida.

Auta ya sauke hannunsa ƙasa, hannun duk tabon allura. "Kofur," ya ce. Muryar ba ta fita sosai. "Kofur. Ni ne."

Karen ya ɗaga kai. Ya miƙo hanci, ya sansana yatsun, ya yi atishawa. Warin asibiti ne, ni ma daga inda nake ina jin sa. Sai ya maƙure, ya ja jikinsa zuwa can ƙuryar rumfa, ya yi wa Auta gurnanin da yake yi min da rana.

Ɗaya daga cikin tagwaye ya ce, "Baba, gajiya ce, gobe zai gane ka." Auta bai janye hannun ba.

Rana tana faɗuwa, lokacin ya yi. Kofur ya tashi da ƙyar, ya wuce ta gefen keken kamar bokiti ne aka ajiye, ya fara zagayensa, ya je bayan durom ya soma kuka. Auta bai taɓa jin irin wannan kukan ba, bayan tafiyarsa ya tsananta.

"Yaya, me kake yi masa idan ya fara?"

Na ce yakan daina da kansa.

Uwar Tagwaye ta ce, "Yaya, gaya masa kawai." Ta shige ɗaki, na ji ta saki labule.

Na je na ciro kwat a ƙusa. Na ɗauki tocila da sanda. Na buga ƙyaure. Na ce, "Kofur, aiki."

Kukan ya tsaya. Ya fito da baya, ya zo ya cusa hancinsa a jikina, wutsiya tana motsi. Muka zagaya, ina jan ƙafa a gaban mai ƙafar. Muka haska bayan banɗaki, muka haska ƙarƙashin rumfa, hasken ya ratsa tayoyin keken. Tagwaye sun sunkuyar da kai. Na ajiye kwano, ya ci, ya kwanta da haɓarsa a kan takalmina.

Na yi maza na cire kwat ɗin na shimfiɗa wa Auta a cinya, na ce ko zai zo. Kofur ya ɗago, ya sansana iska, ya dubi keken, ya mai da haɓarsa kan takalmina.

Auta ya shafa yadin. Ya kai wuyan kwat ɗin hancinsa, ya daɗe. Ya miƙo min.

"Ka cika jan ƙafar, Yaya. Ban kai haka ba."

"Zan rage."

"Kar ka rage. Haka ya saba yanzu."

Asabar, bayan magariba

Ya sa an kawo shi bakin ƙofa ya yi kallo. Ya bari sai da muka gama. Ya ce in riƙa haska saman katanga ma, ta can ɓarayi ke shigowa.

Lahadi, da hantsi

Tagwaye sun tafi sayen magani, uwarsu tana wanki, na zauna a gefen gadonsa. Yau idonsa a buɗe yake tar.

Na ce, "Ka dawo. Ga karenka, na riƙe maka."

"Na gani."

"Likitarsa ta ce yana shan wahala. Ta ce magaribar nan kaɗai yake samun sauƙi. Ta sake maganar allurar. Na ce sai mai shi ya dawo."

Ya juyar da kansa wajen ƙofa. Daga nan ana hango rumfa, Kofur yana tsaye hancinsa a bango.

"To me ka ce?" na tambaye shi.

"Ni me zan ce? Bai san ni ba." Ya huta, ya jiƙa leɓensa. "Ka tambayi wanda yake bi."

Na ce wannan ba adalci ba ne, ni riƙo aka ba ni. Ya ce, "Yaya, gyara min filon nan." Na gyara masa. Ya rufe ido, ban sani ba ko barci ne.

Litinin, bayan magariba

Ba a iya kawo shi bakin ƙofa ba. Ya ce a bar labulen a ɗage, yana jin sandar.

Laraba

Gida cike da mutane tun safe. Na ɗaure Kofur a bayan ɗakina don kar a taka shi.

Alhamis, bayan isha

Takalma har bakin lungu. An gusar da durom, an gusar da taya, an shimfiɗa tabarmi a kan hanyarmu. Da magariba ya fara kukansa daga bayan ɗaki, wata cikin masu gaisuwa ta ce dabba ma ta sani. Bai san komai ba. Lokacin aiki ne ya yi.

Na kasa saka kwat ɗin a gaban jama'a. Na zauna ina amsa gaisuwar rasuwar Auta, shi yana kuka, har aka watse.

Da gida ya yi shiru na je zan ɗauka, ban same shi a ƙusa ba. Uwar Tagwaye ta fito da shi a ninke, da tocila a kai, ta sa mata sabon batir. Ta ajiye a kan keken ɗinkina.

"A nan zai riƙa zama," ta ce. "Ba sai ka ƙwanƙwasa ba, labulen a sake yake."

Juma'a, da la'asar

Likitar dabbobi ta zo gaisuwa. Da za ta tafi ta ce duk ranar da na shirya in aika mata. Na ce sai na tambayi mai shi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta hau babur ɗinta.

Na mai da durom wurinsa, na mai da taya. Kofur yana kwance, ya yi ƙoƙarin tashi ya kasa, sai na ɗaga masa ƙugu. Rana ta kusa faɗuwa. Gwiwata tana ciwo, ta dama.